Ta Rege, Ta Rage

Har yau idan na ji ƙanshin karan dawa yana cin wuta, hannuwan Iya nake gani. Fuskarta ta fara dushe mini. Hannuwan dai suna nan, masu jijiyoyi kamar saiwar gawo, riƙe da ƙwarya, suna juya ta a hankali.

Iya kakarmu ce, mahaifiyar Baba. A wani ɗan ƙauye kusa da Baure muka tashi, ni da yayana Ishaya, inda gidajen masu bin Yesu ba su da yawa. Ina ƙarama aka ƙaddamar da Shari'a a jiharmu. Abin da na riƙe na lokacin kaɗan ne: su Baba suna magana ƙasa-ƙasa bayan sujada, da bukkar burkutu ta bayan gari da aka rufe, wadda Iya ta ce ita kam ba za ta yi mata kuka ba. Maƙwabta ba su sauya mana fuska ba. Inna Hajara ta ci gaba da miƙo mana nono ta kan danga, mu kuma muna kai mata shinkafar Kirsimeti. Abin da Iya ke tsoro ba ta kan danga yake shigowa ba. A aljihun samari yake zuwa daga Kongolam, bakin iyaka: kaset-kaset, sababbin waƙoƙi, sababbin kalmomi.

Geronmu a ƙasa ake sussukarsa, don haka ba ya rabuwa da yashi. Kafin a kai shi niƙa sai an rege. A zuba shi a ƙwarya da ruwa, a yi ta kaɗawa sannu-sannu, ana karkata bakin ƙwaryar har tsabar ta gangara cikin wata, yashin ya kwanta a gindi. Da sanyi, bayan an ci tuwo, Iya takan zauna bakin murhu tana regayar geron gobe, mu kuma mu kewaye ta.

Duk abin da muka kwaso a waje, tambayarta ɗaya ce: “An rege?”

Wata rana Ishaya ya shigo yana rera wata waƙa, yana karkaɗa kafaɗa.

“Angona, zo nan,” in ji ta. Haka take tsokanarsa. “Cire mata kiɗan. Faɗa mini ita da baki, kamar kana gaida surukinka.”

Ya faɗa. Da aka cire kiɗan, sai ga waƙar tsirara: wai wanda bai da abin hannu ba mutum ba ne. Muka fashe da dariya, har shi.

“To ɗauko ruwan.”

Ruwan shi ne Littafi Mai Tsarki. Iya ba ta iya karatu ba, Ishaya ne idonta. Ya ɗauko shi daga cikin kwalla, ya matsa kusa da fitila, ya karanta inda aka tsaya jiya. Ta saurara ido rufe. Sannan ta ce, “Ɗora waƙarka a kai. Ta gangara ko ta kwanta?”

“Ta kwanta, Iya.”

“To zubar. Ni ba zan auri mai yashi a baki ba.”

Ba komai take zubarwa ba. Wata waƙar, ko da a rediyo muka ji ta, sai ta ce, “Wannan tsaba ce, ku riƙe.” Ishaya ya fi ni iya wannan aikin nesa ba kusa ba. Kafin ta tambaya ya riga ya gano inda yashin yake.

Tatsuniyoyinta suna da yawa, amma ɗaya ce ta bi ni har girma. “Ga wata tana tafe,” takan ce, mu kuma mu amsa, “Ta shigo, mun share mata wuri.”

Wai a wani gari aka yi fari, rumbuna suka bushe. Sai ga wani falke da jakuna, ɗauke da gero fari tas, yana rabawa kyauta. Ya ce, “Nawa ba ya bukatar regaya. A wanke yake.” Mata suka yi guɗa, suka kife ƙorensu. Tuwon ya yi daɗi, haƙori bai taɓa jin komai ba, domin yashin da ke ciki ya fi gari laushi. Sannu a hankali jikin mutane ya fara nauyi. Mai zuwa rijiya ya ce bari ya ɗan huta. Mai zuwa gona ya zauna a bakin hanya. Uwa ta ji kukan ɗanta, ta ce tana zuwa, ba ta tashi ba. Tsohuwa ɗaya ce ta ƙi kife ƙwaryarta. Ana yi mata dariya, tana regaya, kullum tana samun yashi a gindi. Ta bi gida-gida tana nuna musu, suka ce ta cika mita. Wata safiya ta fito, ba kowa. Sai tuddan rairayi, babba a ƙofar gidan mai gari, ƙanana a dandali inda yara ke wasa.

“Su ne waɗannan da kuke gani in an nufi arewa,” in ji Iya. “Ita da ta rege, ita ta rage. Na kife ƙwaryata.” Haka take rufe kowace tatsuniya.

Ni sai na ji daɗin yadda kalmomin biyu suka yi kama, ina ta maimaita su kamar waƙa. Ishaya kuwa yana kallon garwashi.

“Iya, ita da ta rage ita kaɗai, da wa take hira?”

Na jira ta tsokane shi. Ba ta tsokane shi ba. Ta daɗe tana juya ƙwaryar da babu sauran gero a ciki. Sannan ta ce, “Da Ubangijinta.” Ta tura mu kwanciya.

Iya ta rasu ina makarantar horon malamai. Ishaya ya bar gona ya koma Kongolam, yana jigilar kaya a babur tsakanin nan da Nijar. Hanya ce mai tsawo, ga rana, ga yashi, abokan aikinsa kuma suna da wasu ƙwayoyi da ke kashe gajiya. Matarsa ta yi haƙuri har inda ta iya, ta koma gidansu. 'Yarsu Rifkatu tana wurina a Daura, inda nake koyarwa.

Bara na je nemansa. Na same shi a wata rumfa bayan tasha, zaune a ƙasa, ya jingina da buhu. Babur ɗin ya daɗe da barin hannunsa. Ya gane ni, ya yi murmushi, ya yunƙura zai tashi, ya koma ya zauna.

“Hannatu. Bari in ɗan huta.”

Na durƙusa gabansa. Duk hanya ina shirya abin da zan faɗa, ayoyi da lallashi, amma abin da ya fito daga bakina na Iya ne. “Yaya, an rege?”

Ya yi dariya har da tari. “Tun lomar farko na san akwai yashi, ƙanwata. Ni ne fa mai karanta mata. Amma kowa yana ci. Ni kaɗai zan zauna da ƙwaryata?”

Na roƙe shi ya biyo ni. Ya ce gobe.

Shekara da shekaru ina ɗaukar tatsuniyar Iya alkawari ce: ka koya wa yaro regaya, zai tsira. Yanzu ina ganin ba ta taɓa faɗin haka ba. Ishaya ya iya, ya fi kowa iyawa. Abin da ba a koya masa ba shi ne yadda ake jure zama kai kaɗai da ƙwarya a hannu, kana ji ana dariya a rumfar da ke kusa. Wataƙila ita ma Iya ba ta san yadda ake koyar da wannan ba. Wataƙila shi ya sa ta daɗe tana juya ƙwaryar da ba komai a ciki.

Rifkatu tana da idanun ubanta da kaifin kansa. Ɗakinmu na haya ba murhu, sai risho. Da yamma nakan karɓe wayata daga hannunta, in karanta mata Maganar Allah, ta saurara da ladabi, idonta yana kan inda na ajiye wayar. Ƙawayenta duk sun san waƙoƙin da nake hana ta. Na ga yadda take tsayawa a gefe idan suna rawa, kuma ni ce na tsayar da ita a wurin.

Kwanan baya na yi mata tatsuniyar falken. Ta bi ni har ƙarshe, baki buɗe.

“Gwaggo, mene ne rege?”

Na duba ɗakin, ba ƙwarya. Na ɗauko robobi biyu, na ɗebo shinkafa, na zuba ruwa, na fara kaɗawa kamar yadda hannuwan nan suke yi. Ta leƙa gindin robar. Ba komai.

“Ai tamu a wanke take,” in ji ta. “Mai shago ya faɗa.”

Ta miƙa hannu wajen wayar. Ni kuma na ci gaba da juya robar.