Motar Katakon Yaya Garba

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Garba kafinta, kuma sai a makon jiya na samu na sauke nauyin da ya ɗora mini. Allah Ya jiƙansa, amma ban taɓa ganin mai taurin kai irinsa ba.

Tare muka taso daga Katsina, muka bi ta Sudan, muka zauna a Makka. Ni na kama sayar da turare da tasbaha, shi kuma yana yi wa mutane ƙofofi da tagogi a unguwar Zahir. Wata rana sai ga shi an jawo masa wata tsohuwar motar Amurka da igiya, doguwa, mai layin kujeru uku, jikinta daga bayan inji duk katako. Rana ta farfasa katakon, awaki sun cinye kujerun. Na ce, "Yaya, wannan ai itacen girki ka sayo." Ko kallona bai yi ba.

Shekara huɗu yana kanta. Kowane katako sai da ya cire, ya auna, ya sassaƙa sabo, ya goge har mutum na ganin fuskarsa a jiki. Wani makanike ya tayar da injin. Sau uku kacal muka shige ta, ciwo ya kwantar da shi. Ana jibi zai cika ya kira ni. Na matso ina jiran wasiyya a kan iyali, sai ya ce, "Isa, in za ka sayar da motar nan, kada ka ba wanda bai san katako ba."

Da yana raye ya ga Makka ta yau, da ciwon kai ya kama shi. Motocin ƙarfe sun cika gari, kowa sabuwa yake nema. Masu zuwa taya motar tasa kuwa, wani so yake ya yanke bayanta ya riƙa kai raguna Mina. Wani ya daki ƙofar da ƙafa yana tambayar nawa ce. Wani ya ce zai lulluɓe ta da kwano ya shafa koren fenti. Wallahi kowannensu na so in ce na sallama in huta, sai bakina ya ƙi.

Ga kuma matarsa, Hajiya Rabi, da gaskiyarta. Motar ta cinye rabin tsakar gida, babban ɗansu zai yi aure, kuma nan ne kaɗai wurin da za a gina masa ɗaki. Ta ce mini, "Alhaji, halas, magana ta ƙare. Yayanka ya tafi, ɗansa na nan. Zaɓi ɗaya." Haushin Yaya ya kama ni ranar, har na je na tsaya ina yi wa motar faɗa.

Sai ga wani dattijo daga unguwar Ka'akiyya, mai ƙera akwatuna. Bai tambayi inji ba. Ya bi jikinta da tafin hannu a hankali, har ya kai ƙofar baya, ya tsaya. Ya ce, "Ya Hajji, wanda ya yi motar nan ba shi ya yi wannan ba." Kunya ta rufe ni. Bara ne wurin ya tsage, na buga wani guntun katako da kaina na goge, ina ganin ba mai ganewa. Nan take na sallama masa. Jiya magina suka fara haƙa harsashin ɗakin.

Kabarin Yaya ba shi da alama, kamar na kowa a garin nan, shagonsa ma wani ke ciki yanzu. Amma mutumin da bai taɓa ganinsa ba ya gane hannunsa, ya kuma gane inda hannun ya tsaya. Na cika masa alkawari, sai dai na san shi sarai. Da zai ji labari ba godiya zai yi mini ba. Tambayata zai yi wa ya sa ni taɓa masa ƙofa.