Jirgin Misis Sabol Ya Ƙi Tashi

A layinmu na garin Altoona babu wanda bai san Misis Bernadette Sabol ba. Shekara talatin da ɗaya ta yi a masana'antar rediyo tana liƙa wayoyi da dalma, kuma har yau in tana yi maka magana, kallonka take kamar kai ma akwai wayar da ta kwance a jikinka. Shekarunta saba'in da tara. Ni maƙwabcinta ne. Aikina kwashe mata dusar ƙanƙara daga ƙofa, nata kuma nuna mini inda na tsallake.

Kowace Disamba takan shimfiɗa ɗan layin dogo ya zagaye bishiyar Kirsimeti, ta ɗora ƙaramin jirgin ƙasa na wasa mai aiki da lantarki, wanda marigayi mijinta Emil ya saya shekarar aurensu. Kan jirgin baƙi, tarago huɗu. Bana da ta murɗa wuta, jirgi ya yi gurnani, ya tsaya cak.

Ɗanta Leonard, mai shekara hamsin da biyu da sanƙo, ya zo daga Pittsburgh taya ta shiri. Wata shida ke nan yana lallaɓa ta ta koma gidan kula da tsofaffi, har takardar tallan gidan ya kawo.

"Mama, komai na gidan nan ya gaji," in ji shi. "Ga jirgin ma ya yi ritaya."

"Kai da ƙwan fitila ma sai an canza maka?"

"Hannunki fa rawa yake, Mama."

"To, saurara. In bai tashi ba kafin ka kama hanya gobe da azahar, zan bi ka in ga gidan. In ya tashi, kada in ƙara jin zancen." Ta juyo gare ni, ina tsaye bakin ƙofa da shebur ɗin kwashe ƙanƙara. "Kai ne shaida. Ajiye shebur ɗin."

Ta gwada taransifomar da ke ba layin wuta da ɗan ƙwan fitila, wuta lafiya lau. Ta durƙusa ta bi mahaɗar layin ɗaya bayan ɗaya. Na miƙa hannu in taimaka, ta harare ni, na mayar da hannuna aljihu. Ta ɗiga mai. Jirgi ko gezau.

Washegari da safe ta kwance kan jirgin a teburin kicin. Sai ga maganaɗisun injin ya tsirar da gemu, furfura cunkus har cikin haƙoran ƙafafun. Ta daɗe tana kallo. Ta leƙa falo, inda layin ke ƙyalli kamar sabon cokali.

"Leonard, ɗan albarka. Wa ya goge mini layi?"

"Ni ne, kina coci. Ya yi dauɗa."

"Da me?"

"Da soson ƙarfen nan na wanke tukunya."

Duk mai irin wannan jirgi ya san ba a kusantar da soson ƙarfe gare shi. Burbushinsa zuba yake a layi, maganaɗisun injin ya tsince shi tas, ya shaƙe.

"Ubanka ya gaya maka haka kana shekara takwas," ta ce. "Har sau biyu."

Hannun dai rawa yake, Leonard bai yi ƙarya ba. Sai ta jingina wuyan hannun a kan gwangwanin kofi, ta ɗauki hantsaki, ta riƙa zare gemun sili-sili. Leonard kuwa ta ɓamɓaro maganaɗisun manna takarda daga ƙofar firij ta ba shi, ya yi rarrafe a kan darduma yana tsince sauran ɓarnarsa.

Sha biyu saura kwata ta murɗa wuta. Jirgi ya yi tari, ya zabura, ya zagaye bishiya. A zagaye na uku ya ɗan karkace daidai inda daɓen falon ya lotsa.

"Ba ni takardar gidan nan naka," ta ce.

Leonard ya miƙa mata da murna. Ta ninke ta huɗu, ta cusa ƙarƙashin layin. Jirgi ya wuce sumul.