Tambulan masu dogon wuya

A unguwar Nuzla ta Jidda aka haife ni, a nan na yi aure, kuma har na haifi ɗana na biyu ban taɓa haɗa ido da uwar mijina ba. Tana Kano. Muryarta kawai na sani a waya, ita ma gaisuwa ce, don Hausata a lokacin rabinta Larabci ne, kunya nake ji in ja zance. Da aka ce za ta zo umra tare da ƙanin maigidana, su sauka wurinmu, sai hankalina ya tashi. Na san abin da dangi ke faɗa a can: ɗansu ya auri 'yar Jidda, wadda ba ta san komai na gida ba. So nake matar nan ta karɓe ni, don tawa uwar ta riga mu gidan gaskiya.

Kofunanmu na yau da kullum duk 'yan tsintuwa ne, wani na roba, wani baki ya ɓantare. Na tafi wani shagon kayan gida a unguwar Bani Malik, na tsaya gaban kanta kamar mai zaɓen zanen aure. Na yau da kullum ba su ba ni wuya ba: gajeru, masu kauri, waɗanda ko yara sun tunkuɗe ba za su fashe ba. Na baƙi ne na daɗe a kansu. Wasu sun yi nauyi, wasu zanen zinarinsu zai goge da wanki biyu. Daga ƙarshe na ga wasu masu dogon wuya da faɗin ciki, sirara, in ka ƙwanƙwasa da farce sai su yi ƙara mai daɗi. A irinsu nake gani ana ba wa mata lemo a gidajen biki. Mai shagon ya ce, “Halas, ya ukhti, shi ke nan 'yar'uwa, kin zaɓi na manya.” Na dawo gida ina jin kaina.

Ranar da suka iso, na shimfiɗa abinci, na cika tambulan da sobiya mai sanyi, abin shan da ake ji da shi a Jidda, na durƙusa na miƙa wa surukata nata da hannu biyu. Ƙanin maigida, wanda dama tsakaninmu akwai wasa, ya ɗaga nasa yana jujjuyawa, sai ya tuntsire da dariya.

“Amaryarmu, kin kuwa san na mene ne waɗannan? Da su Turawa ke shan giya.”

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ni da ban taɓa ganin giya da idona ba, ga shi na tarbi uwar mijina, da haramarta ta ibada, da kofin mashaya. Maigidana ya sunkuyar da kai. Na miƙa hannu zan karɓe nata, idona ya cika da ƙwalla.

Ba ta sakar mini shi ba. Ta dubi ɗan nata mai dariyar a hankali, ta ce, “Ita dai ba ta san su ba. Kai da ka san su, a ina ka san su?”

Maigidana ya yi ta danne dariya har ya ƙware. Ita kuwa ta yi bisimilla, ta shanye tas, ta miƙo mini tambulan.

“Ƙaro mini, 'yata. Kuma duk kwanakin da zan yi a gidan nan, da wannan za a riƙa ba ni ruwa.”

Haka aka yi. Da shi ta sha maganinta na safe, da shi ta sha kunu, ko da yake ina tsoron zafi ya fasa shi. Ni kuwa na sake da ita, ina kwaɓa Hausata tana gyara mini ba tare da ta yi dariya ba.

Ta rasu shekarun baya, Allah Ya jiƙanta. Har yau ina gode mata. Tun da na rasa mahaifiyata babu wanda ya ce mini “'yata” sai ita, a ranar da nake jiran a ce ban san komai ba.