Gwaggo Talatu Mai Injin Niƙa

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina tankaɗe da safen nan labari ya iske ni: Gwaggo Talatu ta rasu.

Har yanzu rariyar tana nan inda na yar da ita.

Da aka kawo ni garin nan ina amarya, ban san kowa ba sai littattafaina. Gwaggo maƙwabciyarmu ce, katanga ɗaya ta raba mu. Ita ta fara leƙo ni da ƙwaryar fura, ta ga littafi a cinyata, ta ce, "Me ke cikin nan da ya hana ki fitowa?" Na karanta mata kaɗan. Shi ke nan. Kullum bayan la'asar, in ta kashe inji, tana ɓarar gyaɗa ina karatu.

Ba ta raga wa samarin cikin littafi. "Wannan mai motar maƙaryaci ne, 'yar nan, buɗe gaba ki gani." Kuma yawanci gaskiyarta.

Ba na manta ranar da na gane. Ina karanta inda uwar yarinyar cikin littafin ta mutu. Na ɗago, sai na ga Gwaggo tana murmushi, idonta a kan bakina. Ko kalma ɗaya ba ta ji ba. Ƙarar injin da ta yi shekara da shekaru tana tsaye a kansa ta cinye mata kunne.

Mu kuma nan ba a ɗaga wa babba murya. Kowa sai ya durƙusa ya gaishe ta ƙasa-ƙasa, ya wuce. In ba ta amsa ba, a ce Gwaggo ta fara shan ƙamshi.

Ta daina zuwa suna. Ta daina Islamiyya. Tuwo ya riƙa kwana a kwanonta. Jiri ya taɓa kayar da ita a bakin rijiya, ga hawan jini, ga mantuwa ta shigo. Wata nas ta ce min matsalar kunne ba ta tsayawa a kunne, wanda ya daina jin mutane jikinsa ma ja da baya yake. A lokacin ban fahimce ta sosai ba.

Juma'ar da ta wuce na shiga da littafinmu. Na zauna gwiwata na taɓa tata, na ajiye kunya, na karanta da ƙarfi har matan gidan suka leƙo.

Ta riƙe hannuna. "Yauwa, ƙara ɗagawa. Ladabin nan naku ya bar ni ni kaɗai a ɗaki."

Can kuma ta ce, "To, ya aure ta, ko har yanzu yana yawo da hankalinta?"

Babi ɗaya ya rage. Na ce sai na dawo.

Allah Ya jiƙanki Gwaggo, Ya haskaka makwancinki, Ya jiyar da ke sallamar mala'iku tangaram. Don Allah duk wanda ya karanta wannan post ɗin ya sa ta a addu'a.

Maigidana, Abban Ummi, shi ne ya karɓi injin tun da ta ajiye. Kwanan nan sai na maimaita magana yake juyowa, rediyonsa har maƙwabta suke ji. Ya ce ba komai, ƙurar gari ce.

Da an tashi zaman makoki zan raka shi asibiti a Kano a duba kunnensa. Na riga na gaya masa, da ƙarfi.