Malam Maniru Mai Hoto da 'Yarsa ta Fari

Haihuwarsa

An haifi Malam Maniru a garin Dingyaɗi cikin shekarar 1958, a gidan Malam Yakubu manomin albasa da matarsa Kaltume. Ya sauke Alƙur'ani a 1972, ya kammala firamare a 1974, sannan ya tafi Sakkwato koyon ɗaukar hoto.

Sana'arsa

A 1981 ya buɗe shago a Boɗinga, yana kuma zagaya Shagari da Kajiji a kan babur. Masu hoton zamanin kan tsayar da yaro ƙyam, su daka masa tsawa kada ya motsa. Shi kuwa durƙusawa yake yi, ya kira sunan yaro, ya dube shi ido da ido, ya yi ta jansa da hira har ya manta da kyamara. Mai dariya ya fito da giɓinsa, mai fushi da zumɓurarren baki. Iyaye sun yi ta mita, amma yau babu mai yarda a taɓa masa waɗannan hotuna.

Iyalinsa

Ya auri Hasiya a 1982, suka haifi Atika a 1983. Bisa al'adar kunyar ɗan fari, uba ba ya faɗin sunanta, ba ya tsura mata ido, saboda haka bai taɓa ɗaukarta hoto ba. Tana gani ana jera na ƙannenta a bango. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, ta girma da yaƙinin cewa mahaifinta ba ya ƙaunarta, har bayan aurenta a Lambara ta ɗauke ƙafa daga gidan.

Tsufansa

A 2021 idanunsa suka soma mutuwa. Ya aika aka zo da Atika, ya durƙusa da ƙyar a gaban mace mai shekara talatin da takwas, ya ce: "Atika, ɗiyata, dube ni, na yi miki laifi." Ta fashe da kuka, ya danna kyamara. Kaico, a lokacin ya riga ya daina ganin komai, sautin kukan kawai ya bi, hoton ya fito a karkace.

Rasuwarsa

Allah ya yi masa rasuwa ranar Talata, 14 ga Maris, 2023, aka yi jana'izarsa bayan la'asar a Dingyaɗi. Ya bar 'ya'ya huɗu: Atika, Nura, Nusaiba da Muhammad Sani. Ranar rabon gado Atika ta yafe wa ƙannenta kasonta na gona, ta ɗauki hotonta ta koma Lambara. Allah ya jiƙansa.