Takarar Kawuna da Rufaffiyar Ƙwarya

Shekarun baya ke nan da dama, amma har yau in ƙamshin dafaffen ganyen tafasa ya bugi hancina, sai in ga kaina tsaye a tsakar wani gida, a wani ƙauye can bayan Turba, da takarda a hannuna, rana tana dukan ƙeyata.

Damina biyu a jere ruwa yana ɗaukewa tun gero bai fid da kai ba. Rijiyoyi suka ja baya, shanu suka zama ƙashi da fata. A cikin wannan hali ne kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya ce zai tsaya takarar ciyaman. Malamin gona ne da ya yi ritaya, ko kansila bai taɓa nema ba. Ranar da ya zo gaya wa mahaifiyata, tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Kai da ko wurin suna ba ka iya buɗa baki, mi za ka ce ma jama'a?"

"Abu ukku za ni ce, Yaya. In na ƙare in zamna."

Kuma ukun ya riƙe har ƙarshe. A yashe rijiyoyin da suka cushe. A sake fitar da burtali, don shanu su daina bi ta cikin gonaki ana faɗa. Na ukun, wanda ya fi ƙauna, shi ne rumbun iri a kowace gunduma, don kada ruwa ya sauka ya tarar da manomi ba abin shukawa. Sauran 'yan takara suna ta alkawarin kwalta da wutar lantarki, shi kuwa ko'ina ya tsaya sai maganar iri, har aka fara yi masa laƙabi da ita. Bai damu ba. Yakan ce ya yi shekara da shekaru yana shiga gonakin mutane, ya san abin da ke hana su barci.

Ni a lokacin na gama kwalejin ilimi, ina zaune gida, aikina kallon gajimare da cika littafi da waƙoƙin da ba mai karantawa. Da yake namiji ba ya shiga gidajen mutane, kawu ya ce ni zan riƙa yi wa mata bayani. Na ji kamar an naɗa ni sarauta. Na kwana uku ina tsara jawabi, na zuba masa zangarniya da hadari da korayen gonaki, har ni kaina in na karanta sai idona ya ciko.

A ƙauyen nan mata suka taru a gidan mai gari, suka cika tabarmi. Kowane gida muka wuce tafasa ake dafawa, ni kuwa abin da na raya a raina shi ne mutanen garin masu son kwaɗo ne. Na karanta jawabina, suka saurara cikin ladabi. Da na zo kan rumbun iri, sai na ga ya kamata in yi yadda aka koya mana a kwaleji, wato a jawo masu sauraro cikin darasi. Na naɗe takarda, na yi murmushi, na ce:

"To, iyayena, duk wadda gidansu aka cinye irin shuka bana, ta ɗaga hannu mu gani."

Ba hannun da ya motsa. Wata ta gyara goyonta, wata ta shiga tsintar zare a zanenta. Na ɗauka ba su ji ba, na maimaita, har da ɗaga murya.

Sai wata tsohuwa da ke jingine da turmi ta ce, "Ke ɗiyar wa ta?"

Na faɗa mata.

"Uwarki na da hankali, na san ta. Ke dai boko ya cinye naki. Nan garin ba wanda yac ci irinai. Kin ji ko? Rumbunanmu cike suke. Tashi ki kai ma kawunki."

Mata suka miƙe ɗaya bayan ɗaya, suka bar ni da tabarmi.

Sai da na koma gida mahaifiyata ta warware mini abin da duk yarinyar ƙauye ta sani tun tana tallan fura. Manomi zai sayar da akuyarsa, ya sayar da rigarsa, amma damin da ya ware na iri ba ya taɓa shi sai wuya ta kai wuya. Ranar da ya sauke shi aka daka, shi da matarsa ne kaɗai suka sani. Abin da na nema shi ne mace ta ɗaga hannu gaban kishiyoyin gari da surukai ta ce mijinta ya gaza.

Kafin ranar kasuwar Bafarawa labari ya zaga: mai takara ya aiko 'yar boko tana ƙidayar gidajen da suka ci irinsu. Manyan jam'iyya suka zo gida suka zauna da kawu. Ina daga ɗaki ina jin su. Suka ce ya bar maganar irin nan haka nan, ta zama zagi, ya raba atamfa da sabulu kamar kowa, yarinyar kuma a bar ta gida. Na toshe bakina da gyale ina kuka. Abin da mutumin nan ya shiga siyasa dominsa, ni na rusa shi da tambaya ɗaya.

Da suka tafi ya leƙo. "Malama, an gama makokin? Wanke ido, gobe za mu koma."

"Kawu, jifa za su yi muna."

"In sunka jefe mu mun biya bashi." Ya yi dariya. "Maganar iri ba ni barin ta. Hanyar shiga ta munka ɓata, ita za mu gyara."

Washegari ya ɗauke ni a babur. Ya zauna da maza a gindin wata tsamiya, ni kuma ya ce in tsaya daga gefe in ji kafin in shiga wurin mata. Bai ambaci yunwa ba ko sau ɗaya. Cewa ya yi roƙo ya kawo shi. Geron nan nasu na kakanni mai saurin nuna ya ɓace a garuruwa da yawa, ga shi kowane gida da irin nasa, wani ya fi wani jure ƙishi. Yana so a gauraya, kowa ya samu na kowa. Kowane gida ya aiko da ƙwarya rufe da faifai, a shiga da ita ɗaki, a juye, a zubo gaurayen, a fito da ita a rufe. Mutum ɗaya ne zai zauna a ɗakin, kuma baƙo.

"Yayata za ni kawowa. Shekara hamsin ina tare da ita, ko inda take ɓoye daddawa ban sani ba."

Aka yi dariya. Wani dattijo ya ce, "In munka yi hakanga, sai mun zaɓe ka?"

"Ku zaɓi wanda kunka ga dama. Ni dai in ga an yi shuka."

Na shiga wurin tsohuwar nan, na durƙusa har ƙasa. "Iya, na yi wauta, a gafarce ni."

Ta daɗe tana kallona. "Yau ba takarda?"

"Na bar ta gida."

"To kin fara hankali. Jawo turmin ga ki zamna, ki sha ruwa."

Ranar da aka sa, mahaifiyata ta shiga wani ɗaki a gidan mai gari ta saki labule. Mata suka yi layi, kowacce da ƙwarya a ka, faifai a rufe, suna tafe wuya a sanƙare saboda nauyi. Ɗaya ta shiga, ta jima kaɗan, ta fito, wata ta shiga. Ba mai kallon ta wani. Ni aikina ba da ruwan sha, kuma an gargaɗe ni kada in tambayi kowa komai, ko da sunanta ne. Tsohuwar ta zo wucewa da tata ƙwaryar, ta harare ni da wasa: "Ɗiyar boko, ɗaga hannu mu gani!" Mata suka fashe da dariya, ni ma na yi, na kuma ɗaga.

Ruwa ya sauka bayan kwanaki kaɗan, kuma a garin nan ba gonar da ta kwana ba shuka. Zaɓe ya zo, kawu ya faɗi. Bai ko kusa ba. Amma akwatin ƙauyen nan nasa ne kusan duka, kuma ya fi wata guda yana ba kowa labarin akwatin kamar shi ne kujerar. Bai sake tsayawa takara ba. Mutanen garin kuwa sun ci gaba da gaurayen irinsu duk bazara, ba tare da shi ba.

Yanzu ina koyarwa, kuma ban taɓa cewa yara su ɗaga hannu a kan abin da ya shafi tukunyar gidansu ba. In na ga yarinya ba ta fita tara ba, na san yadda zan yi abinci ya isa gare ta ba tare da ta gefenta ta sani ba. A wurin kawu na koya, mutumin da aka ce bai iya magana ba. Na daɗe kuma ina ba da labarin ranar a matsayin ranar da talakawa suka haɗa ɗan abin da ya rage musu, har waƙa na rubuta a kai.

Sai bara, muna tsince wake da mahaifiyata, na karanta mata waƙar. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce in gyara. Ƙoren da suka shigo da gero ran nan ba su kai yatsun hannu ɗaya ba. Sauran yashi ne matan suka cika, don wuyansu ya nuna nauyi. Ita ta riƙa juye shi bayan ƙofa, tana ɗebo musu daga buhunan da kawu ya shigo da su tun kwana biyu kafin nan, a ƙarƙashin tabarmin taro. Irinsa ne na gonarsa, duka. A shekarar bai yi shuka ba, ya ce mana siyasa ce ta hana shi.