Watan da Muka Yanke Tele

Ni na ce a yanke. Gara in faɗa da bakina, don har yau in aka tada zancen gonar, dangin maigida sukan yi shiru su dubi ƙasa, kamar ban san wa suke nufi ba.

A Gazawa muke zaune, shekarar da sojoji suka yi alkawarin mayar da mulki, aka yi ta zaɓe a kan zaɓe. Maigidana aya yake saye yana sayarwa. Ya karɓi kuɗi a hannun wani Alhaji, aminin marigayi mahaifinsa, ya tara buhuna don ya tsallaka da su Najeriya. Farashi ya faɗi, danshi kuma ya ɓata rabi. An yi da shi a gaban shaidu cewa in wa'adi ya cika bai biya ba, gonar gado da ke hanyar Agiye ta koma hannun Alhaji. Daga gonar nan muke cin gero. Wa'adi ya wuce da wata huɗu, Alhaji bai ce uffan ba.

Na rage duk abin da ke raguwa. Nama ya koma na ranar Juma'a, daga baya Juma'ar ma ta manta da mu. Na sayar da awakina biyu. Ban yi kuka ba, ban ma ji zafi ba. Na kai inda in aka ce babu, sai in ce to, in ci gaba da daka.

Abu ɗaya ne ya ƙi raguwa: jika biyar na sefa da ake biya duk wata don tashoshin waje su fito a tele, wato talabijin. Telen tana zaure, kuma babban mai kallonta Alhajin nan ne. Kullum bayan la'asar zai zo ya cire takalmi ya baje a tabarma, a kunna masa labarun zaɓe. Faransanci bai dame shi ba, sai maigida, da ya yi lakol, wato boko, ya riƙa fassara masa. Alhaji ya yi tsaki, ya yi musu da Baturen da ke cikin gilashi, ni kuma in aika da shayi. Mai binmu bashi, shi ke shanye mana sukari. Wannan kaɗai ke ɗan motsa ni.

Wata rana da maigida ya shigo cin abinci na tare shi.

"Malam, jika biyar sau goma sha biyu nawa ke nan? Da yayyahi kogi kan cika. A riƙa ba Alhaji kuɗɗin ga, ko bashin ya ragu."

"Bar telen nan," in ji shi. "Ba ki gane ba."

"Mi zan gane? Miya ba mai, muna sayen surutun Turawa?"

Mutum ne da zai fassara maka zancen ministan wata ƙasa tiryan-tiryan, amma abin da ke ransa ba ya fitowa. Na yi kwana uku ina nanatawa, ba faɗa, ba ɗaga murya. A na huɗu ya ce in yi yadda na gani.

Wata ya ƙare ba mu biya ba. Na ƙulle jika biyar a takarda na ba shi, na ce ya miƙa wa Alhaji. Da la'asar na kai shayin da kaina, na tsaya bayan ƙyaure ina ji. Aka kunna tele, ba hoto, sai wani rubutu. Alhaji ya tambaya kamar kullum: "Mi ta ce?"

"Ta ce ba mu biya ba, Baba."

Sai na ji ƙarar takarda. Maigida ne ya miƙa kuɗin. Alhaji ya ce:

"Ɗana, wata huɗu ban tambaye ka ba. Mutum ba ya zaune bisa tabarmarka yana shan shayinka ya ce ina kuɗɗina. Kuma duk sadda na ga abin ga na aiki, sai in ce wa zuciyata yaron nan da sauran ƙarhinshi, a bar shi ya tashi. Haka nike hwaɗa wa masu bina bashi a Maraɗi. Yau kai ka buɗe maganar da hannunka. Jika biyar a wata, sai bayan raina za ka gama."

Bai yi fushi ba. Ya sha shayinsa har ƙasa, ya ce a kira shaidu a miƙa masa gonar kafin ruwa ya sauka. Ni ina tsaye da faranti a hannu. Na ji kowace kalma, na gane ta sarai, amma kamar zancen gidan wasu ake yi. Na tuna ban ɗora tukunya ba, na koma ciki na ɗora.

Wataƙila ko da mun biya, gonar tafiya za ta yi, wata biyu ko uku gaba. Na sha faɗa wa kaina haka. Wataƙila kuma da farashin aya ya tashi kafin nan. Ba wanda zai iya gaya mini, kuma maigida bai taɓa cewa ai na faɗa miki ba. Da ma ya faɗa, da na sami abin mayarwa.

Ranar da aka tashi da ruwan shuka, ya ɗauki sungumi da ƙwaryar iri bisa sabo. Ya kai bakin ƙofa ya tsaya. Maƙwabta na wucewa da jakuna, suna yi masa barka da ruwa, yana amsawa. Da suka ƙare wucewa ya dawo ya jingine sungumin a bango, ya miƙo mini ƙwaryar.

"A daka," ya ce.

Na daka.